Takardun ofishin minista ba kayan gadonsa ba ne

Duk lokacin da aka yi wa gwamnati garambawul a Yamai, za ka ji mutum a Damagaram yana cewa dosiyensa, wato takardunsa da ke ma'aikata, ya bi tsohon minista. Malamin makaranta mai jiran ƙarin girma, ɗan kasuwar da ya yi wa ma'aikata aiki ba a biya shi ba, duk bakinsu ɗaya. A wajen doka kuwa, takarda ba ta bin kowa gida.

Dokar adana takardu ta Nijar ta 1997 ta ɗauki duk abin da hukuma ta rubuta ko ta karɓa a bakin aikinta a matsayin dukiyar ƙasa, ko a kan takarda yake ko cikin kwamfuta. Ba a sayar da shi, kuma daɗewarsa a hannun wani ba ta mayar da shi nasa. Minista ya sa hannu ne da sunan kujera. Ranar miƙa aiki, kujera da takardunta sukan koma ga magajinsa, sakatare janar na ma'aikatar kuma yana nan don kada zaren aiki ya tsinke.

Inda talaka ya kamata ya buɗe ido shi ne buro d'ordir, ɗan ofishin nan da wasiƙu ke shiga da fita. Akwai babban rajista na masu shigowa, akwai na masu fita. Ma'aikaci zai buga kashe, wato hatimin ofishin, a kan wasiƙarka, ya rubuta ranar da ta iso da lambarta, sannan ta hau sama a rubuta a gefenta daraktan da zai duba ta. Ka tafi da kofi biyu. A buga maka kashen a kan naka, ka ninke ka adana. Wannan lamba ce za a bi a gano teburin da takardar ta kwana, ko da ministoci uku sun wuce. Wanda ya miƙa wa wani ɗan uwa a ma'aikata hannu da hannu, wai don a yi sauri, ba shi da shaidar komai. Haka yake a ofishin gwamna ko a daraktocin jiha nan Damagaram, kafin ma takarda ta kama hanyar Yamai.

Sai dokar 23 ga Fabrairu 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman ganin takardun hukuma. Tana da iyaka: sirrin tsaro, shawarwarin majalisar ministoci, rayuwar wani, da takardar da ba a kammala ba, duk ba a ba ka su.

Abin da ke damuna shi ne umarnin da ake bayarwa yanzu ta WhatsApp. Ba lamba, ba rajista, wayar kuma ta mai ita ce.

Damagaram ce babban birnin Nijar har 1926, kuma rahotannin da kwamandojin Faransa suka rubuta a lokacin suna ma'adanar takardu ta ƙasa a Yamai, masu bincike na buɗa su har gobe. Umarnin da aka aika ta waya bara kuwa, in mai wayar ya sauka, sai dai a roƙe shi.