Tayar Tsohuwar Motar Kaya da Rubutun Gefenta

Rubutun gefen taya shi ne haruffa da lambobin da kamfani ke fitarwa a jikinta tun daga masana'anta. Iri biyu ne. Akwai manyan haruffa na sunan kamfani, waɗanda ake hangowa daga nesa, wani lokaci farare tas. Akwai kuma ƙananan lambobi baƙaƙe, sai mutum ya tsuguna ya goge ƙura da hannu kafin ya gan su, kuma su ne ke faɗin girman tayar, nauyin da za ta iya ɗauka, gudun da za ta jure da lokacin da aka yi ta. A gari irin Jos, inda har yau tsofaffin Benz 911, Kanta da a-kori-kura Peugeot 504 ke ɗaukar kabeji, tumatir da dankalin Turawa daga kasuwar Farin Gada zuwa Kudu, sanin wannan rubutu ya zama dole ga direba da mai mota.

Mai zare da mai waya

Yawancin tsofaffin motocin kaya an ƙera su ne a kan taya mai zare, wadda ake jera zaren nailan a cikinta a gicciye. Alamarta ita ce ɗan layi a tsakiyar lambar girma, kamar 7.50-16 ko 9.00-20. Lambar farko faɗin tayar ne da inci, ta ƙarshe kuma girman wili. Idan aka ga harafin R a madadin layin, kamar 7.50R16, to mai waya ce, irin wadda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946.

Mai zare tana da taurin gefe, tana jure dutse da ramin hanyar ƙauye, shi ya sa masu shiga gonakin Bokkos da Mangu da damina ba su rabu da ita ba. Aibinta saurin ɗaukar zafi a doguwar tafiya a kan kwalta. Mai waya ta fi daɗewa kafin ta suɗe, ta fi rage shan mai, ta fi kama titi, sai dai gefenta na da laushi, kuma tsinin dutse guda na iya yanka ta yadda faci ba zai yi ba. Ba a haɗa su a layi ɗaya, wato mai waya a dama, mai zare a hagu, domin motar za ta riƙa ja gefe musamman in an taka birki.

Wilin tsofaffin manyan motoci na inci 20 yawanci mai zobe ne, wato zoben ƙarfe da ke riƙe tayar a jikin wilin, kuma da tif yake aiki. Duk bokanaizan da ya daɗe a sana'a yana tsoron wannan zobe: in bai zauna daidai ba aka buga iska, fizgewa yake yi da ƙarfin da zai iya kashe mutum. Saboda haka wasu ke sauya wili zuwa na 22.5 marar tif. Madadin 10.00-20 a wannan tsari shi ne 11R22.5, na 9.00-20 kuma 10R22.5.

Ƙananan lambobi

Bayan girma akwai lambar lodi da harafin gudu. A tayar ƙananan motocin kaya irin 195R14C (a nan faɗin da milimita yake) akan ga 106/104: kowace taya za ta ɗauki kilo 950 in ita kaɗai ce a gefe, ko kilo 900 in an jera su biyu-biyu. A tayar tirela irin 315/80R22.5 akan ga 156/150, wato kilo 4,000 da kilo 3,350. Harafin da ke biye shi ne iyakar gudu: K kilomita 110 a awa, L 120, M 130. Akwai kuma lamba mai PR, kamar 8PR, 14PR ko 18PR, wadda ke nuna ƙarfin gangar tayar. Sanya tayar motar gida a a-kori-kura don girman wili ya zo ɗaya kuskure ne babba, kuma ana yin sa kullum saboda sauƙin kuɗi.

Lambar da ta fi cancanta a duba ita ce ta haihuwar taya. Tana ƙarshen layin da ya fara da DOT, lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. An fara wannan tsari a 2000. Kafin nan lambobi uku ake sawa. Roba na tsufa ko da ba ta taɓa hawa titi ba. Tayar da ta shekara bakwai a sito za ta fito da zanenta cif, amma in aka matsa gefenta da yatsa sai a ga ƙananan tsaga kamar faso a dunduniya lokacin hunturu. Irin wannan ce ke fashewa a gangaren Hawan Kibo da ke hanyar Jos zuwa Akwanga, inda zafin birki ke ratsa wili ya haɗu da nauyin lodi. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, takan duba wannan lamba a jikin motocin haya.

Zaɓen kamfani

A da Najeriya na yin tayarta. Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop kuma a Ikeja, amma ta farko ta rufe a 2007, ta biyu ta daina aiki a 2008. Tun daga lokacin kusan komai daga waje ake kawowa. Akwai tsofaffin sunaye masu tsada irin su Michelin, Bridgestone na Japan da Goodyear na Amurka. Akwai na Indiya, MRF, CEAT da Apollo, waɗanda har yanzu ke yin mai zare a girman da tsofaffin motoci ke bukata. Sai na ƙasar Sin, kamar Triangle, Double Coin, Linglong da Westlake, da suka cika kasuwa saboda rangwamen farashi.

Ga motar da ba ta wuce jigila tsakanin Bukuru da Farin Gada, sabuwar taya mai matsakaicin kuɗi ta wadatar. Wadda ke kwana a hanyar Abuja ko Fatakwal ita ce ta cancanci a kashe mata kuɗi, aƙalla a tayoyin gaba, domin su ke riƙe da sitiyari. Abin gudu shi ne 'yar Beljiyam, wato tayar da aka gama amfani da ita a waje. Sunanta na iya zama babba, amma ba wanda ya san wahalar da ta sha, kuma wasu har sake yanka mata zane ake yi da wuƙa mai zafi don ta yi kama da sabuwa.

Farin rubutu ko baƙi

Farin rubutu ya yi tashe ne a Amurka daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, daga nan ya koma kan motocin kaya ƙanana da masu shiga daji. A takardun kamfanoni RWL na nufin haruffan da suka cika da fari, OWL na nufin waɗanda bakinsu kaɗai aka zagaye da fari, BSW kuma baƙin gefe zalla. Farin ba fenti ba ne. Farar roba ce ake shimfiɗawa a ƙarƙashin siririyar baƙa, sannan a kankare saman haruffan har farin ya bayyana. Shuɗin da ake gani a kan sabuwa kariya ce kawai, ruwa da sabulu ke wanke shi. Yawancin irin waɗannan tayoyi gefe ɗaya ne ke da farin, don haka mai mota kan zaɓa tun wajen ɗaurawa: ya fito da shi waje ko ya juya shi ciki.

A tsohuwar Hilux ko Land Cruiser mai fenti mai kyau, farin rubutu na ƙara mata kwarjini ƙwarai. Amma jar ƙasar Filato ba ta raga masa, sati guda na damina ya isa ya mayar da shi ruwan ƙasa, kuma in gefen ya gogi bakin kwalbati sai farar robar ta ɓullo inda ba a so. Manyan tayoyin gingimari da tirela baƙaƙe suke zuwa. Farin da ake gani a jikinsu aikin karen mota ne, wanda kan zauna da ɗan gwangwanin fenti da buroshi ranar wankin mota yana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya. Fentin ba ya cutar da tayar matuƙar bai rufe lambar lodi da ta shekara ba, sai dai ana guje wa wanke shi da fetur ko kananzir, domin suna busar da roba.