Kafin Michigan da Ohio State su sake haɗuwa: waiwaye kan 1984

Duk shekara idan Nuwamba ya fara ƙarewa, masu bin ƙwallon Amurka ta jami'o'i, wannan mai siffar ƙwai da ake runguma a ƙirji a ruga da gudu, sukan koma kan gardama guda: wasan Michigan da Ohio State yana nan da nauyinsa kuwa? Ni ɗan Michigan ne, gara in faɗa tun da wuri. A al'ada da tsakar rana ake take wasan a can, ƙarfe shida na yamma ke nan agogon Najeriya, don haka kusan kullum sallar magariba ce ke raba ni da farkonsa.

Abin da ya ƙara wa gardamar wuta shi ne kakar 2024. Michigan, wadda ba ta taɓuka abin kirki ba a shekarar, ta je har Columbus, gidan Ohio State, ta doke ta da 13 da 10. Mun yi murna kamar an yi mana kyautar kujerar Makka. Bayan mako bakwai kuma Ohio State ɗin nan ta lashe kambun ƙasa, ta doke Notre Dame da 34 da 23. Sai aka shiga tambayar juna: to wa ya yi nasara a shekarar? Mutane da yawa suka ɗora laifin a kan sabon zagayen sili ɗaya ƙwale mai ƙungiyoyi 12 da aka fara a kakar, wai shi ya mayar da faɗuwa a wannan wasa abin da ake sharewa a wuce. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an kama ta ne daga wutsiya.

Farkon labarin sananne ne. An fara karawa a 1897, Michigan ta ci 34 da nema. Daga 1935 aka mayar da wasan na rufe kaka. A 1950 aka buga shi cikin dusar ƙanƙara, Michigan ta tsira da 9 da 3. Sai shekaru goman da koci Woody Hayes na Ohio State da tsohon mataimakinsa Bo Schembechler na Michigan suka yi suna gwabzawa, 1969 zuwa 1978. A farkon wannan zamani ƙungiya ɗaya tak lig ɗin Big Ten, wanda jami'o'in biyu ke ciki, ke aikawa wasan bayan kaka, wato Rose Bowl a Kalifoniya, saura kowa ya koma gida. A 1973 aka tashi kunnen doki, 10 da 10, aka kaɗa ƙuri'a Ohio State ta tafi, Michigan da ba a doke ta ko sau ɗaya ba a kakar ta zauna tana kallo. Nauyin wasan daga nan ya fito: ƙofa ɗaya ce, mutum biyu ke tsaye a bakinta.

Abin da ba a cika kawowa a majalisar 'yan kallo ba shi ne wata shari'a da aka yanke ranar 27 ga Yuni, 1984. Tun farkon shekarun 1950 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ce ke riƙe da haƙƙin nuna wasannin a talabijin a madadin dukkan jami'o'i. Dalilinta mai sauƙi ne: ana tsoron in aka cika nuna wasa a akwati, mutane za su daina zuwa fili. Saboda haka aka taƙaita. A tsarin da ake kai daga 1982, ba a yarda jami'a ta fito a manyan tashoshi fiye da sau shida cikin shekara biyu ba, kuma kuɗin da za a biya babbar ƙungiya ba ya da wani bambanci da na ƙarama. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara a 1981, suka ce wannan ya saɓa wa dokar hana babakere a kasuwa. Ba za ka ce ba su da hujja ba: kayanka ne, wani ya ƙayyade maka farashi da ranar kasuwa. Kotun Ƙolin Amurka ta ba su gaskiya, alƙalai bakwai suka amince, biyu suka saɓa.

Wanda ya rubuta ra'ayin masu saɓawa, Byron White, shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a labarin. Tauraron wannan wasa ne a jami'ar Colorado a shekarun 1930, ya buga na ƙwararru kafin ya zama alƙali. Damuwarsa ita ce idan aka ɗauki wasan ɗalibai a matsayin haja kawai, za a wayi gari ya rikiɗe ya koma sana'a zalla. A lokacin ba a ga alamar hakan nan take ba. Wasanni ma suka yi yawa a talabijin har farashin kowane ɗaya ya faɗi na ɗan lokaci. Amma ma'auni ya riga ya canja. A da, abin da ke haɗa jami'o'i a lig ɗaya shi ne maƙwabtaka: wa za ka iya kai wa ziyara a mota, wa kuke takun saƙa da shi tun kakanni. Daga 1984 tambayar ta zama gida nawa ne za su kunna talabijin.

Daga nan sauran ya biyo kamar ruwa ya samu gangara. Notre Dame ta ƙulla yarjejeniyar talabijin ta ƙashin kanta daga 1991. Lig ɗin SEC ya kai ƙungiyoyi 12 a 1992 ya ƙirƙiro wasan ƙarshe nasa. Penn State ta fara buga wa Big Ten a 1993, lig ɗin ya buɗe tasharsa a 2007, ya sa hannu kan yarjejeniyar talabijin ta sama da dala biliyan 7 a 2022, a 2024 kuma ya kai ƙungiyoyi 18, har da huɗu daga gaɓar yamma, alhali sunansa har gobe "goma" yake cewa. A hanya tsofaffin wasannin hamayya suka yi ta zubewa. Nebraska da Oklahoma suka daina haɗuwa kowace shekara. Texas da Texas A&M suka rabu bayan 2011, ba su sake gamuwa ba sai 2024. Su ma 'yan wasan, da suka ga biliyoyi na wucewa ta saman kansu, suka samu damar cin moriyar sunansu daga 2021, kuma daga 2025 jami'o'i suka fara biyansu kai tsaye. Zagayen ƙungiyoyi huɗu na 2014 da na 12 na 2024 jikoki ne kawai a wannan zuri'a.

A nan ne bakina ke yin nauyi. Da ba a yanke waccan shari'ar ba, da wuya mutum irina da ke wata nahiya ya iya bin Michigan kowace Asabar. Mu masu kallo daga nesa, mu ne ainihin kasuwar da ake lissafawa. Muna kukan an rage wa wasan daraja, amma mu ne ke son ƙarin wasa, ƙarin zagaye, ƙarin dare na kallo.

Game da wasan da ke tafe, ga abin da nake hange. Tunda Big Ten ya soke rabon rukuni-rukuni, a lissafi ƙungiyoyin biyu za su iya sake haɗuwa bayan mako guda a wasan ƙarshe na lig ɗin a birnin Indianapolis, su kuma haɗu karo na uku a zagayen ƙasa. Wanda ya faɗi ba lallai kakarsa ta mutu ba. Amma filin Michigan da ke Ann Arbor na ɗaukar mutum 107,601, na Columbus ma ya haura dubu ɗari, kuma ko wanne aka je ba za a samu wurin tsayawa ba. Wani abokina ɗan Ohio State, duk da kambun da suka ɗaga a Janairun 2025, har yau idan na furta "sha uku da goma" sai ya tashi ya ce zai je sayo kati.