Waiwaye: Tsakanin Kwalta da Ƙofar Asibiti a Zamfara

Duk wanda ya saba bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Tsafe da Kwatarkwashi, ko ya miƙe ta Bunguɗu zuwa Talatar Mafara, ya san abin da ke faruwa idan mota ta ƙwace. Direbobi da 'yan kabu-kabu da mutanen ƙauyen kusa su ke fara isa. Wannan ya kama hannu, wancan ƙafa, a fizgo mutum daga cikin ƙarfe, a yayyafa masa ruwa, a cusa shi a bayan motar da ta tsaya. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai a wannan ɗaukar ce wuyan da ya tsage kan ƙarasa karyewa, jinin da tsumma da dannawar hannu za su iya tsayarwa ya yi ta zuba har Gusau.

Su ma likitoci sun daɗe kafin su tsara yadda ake karɓar wanda ya yi haɗari. A 1976 wani likitan ƙashi ɗan Amurka, James Styner, ya faɗi da ƙaramin jirginsa a jihar Nebraska. Matarsa ta rasu nan take, 'ya'yansa uku suka ji munanan raunuka. Irin karɓar da aka yi musu a wani asibitin karkara ce ta sa shi da abokan aikinsa suka fito da kwas a 1978, mai koyar da cewa a fara da abin da ke saurin kashewa. A buɗe hanyar iska, a tabbatar yana numfashi, a tsayar da jini, karaya ta jira. A kan wannan tsari ake horar da likitocin sashen gaggawa har gobe.

Binciken da ya fi shafar mu a Gana aka yi shi. A 1998 Charles Mock da abokan aikinsa suka kwatanta masu munanan raunuka a birane uku. A Seattle ta Amurka kashi 35 cikin 100 suka mutu, a Monterrey ta Meziko kashi 55, a Kumasi kashi 63. Yawancin wannan tazara a kan hanya take, domin a Kumasi kusan rabin waɗanda suka ji mummunan rauni sun cika tun ba a kai su asibiti ba. Masu binciken ba su zauna jiran motocin asibiti ba. Direbobin haya sama da 300 suka tara, suka koya musu taimakon farko cikin 'yan sa'o'i, tun da dai su ke ɗaukar mutanen. Ni a ganina tashoshin Gusau da Ƙauran Namoda sun fi ko'ina buƙatar irin wannan, kuma shugabannin yuniyon za su iya tara direbobi cikin yini guda.

A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna CRASH-2, wanda aka yi kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, har da asibitocin Najeriya. Ya nuna cewa allurar tranexamic acid, mai araha, tana rage mutuwa daga zubar jini. Amfaninta ya fi yawa a sa'ar farko, bayan sa'a 3 kuwa tana iya zama illa. To a auna wannan da mutumin da ya faɗi a Ɗansadau da magariba, lokacin da babu direban da zai yarda ya hau hanya saboda 'yan bindiga.

Ta fuskar doka ba a bar mu a baya ba. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, tana da lambar kira 122, kuma dokarta ta 2007 ta sa tara ga asibitin da ya ƙi karɓar wanda ya yi haɗari. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai buƙatar gaggawa bisa kowane dalili, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun lafiya a matakin farko domin wannan aiki. Amma da aka katse layukan waya a jihar a Satumban 2021, makonni aka yi ba lambar da ke shiga. Ko a yau wanda ya bugu a kai, idan abin ya fi ƙarfin Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau, sai Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200.

Ɓangaren da aka fi yin sakaci da shi shi ne bayan an tsira da rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, amma waɗanda ke jin rauni sun kai miliyan 20 zuwa 50, da yawansu su nakasa. Magidanci ɗan kabu-kabu da cinyarsa ta karye zai yi watanni a kwance, gidansa ba cefane. Kuɗin tiyata da na sa ƙarfe su tsorata dangi, baffa ya ce a kai shi wurin mai ɗori, a sa hannu a takarda a fice. Nazarce-nazarcen asibitocin koyarwa na ƙasar nan sun sha nuna cewa masu karaya na cikin waɗanda suka fi barin gado ba da yardar likita ba, kuma wasu kan dawo da gaɓa ta ruɓe sai yankewa. Gashin ƙashi kuwa, wanda ke mayar wa gwiwa lanƙwasarta, mutumin ƙauye bai cika samunsa ba.

Ba na cikin masu zagin maɗora. Suna kusa, suna jiran biya har kaka, kuma sun gaji sana'ar. A kudancin Habasha an gwada yi musu kwas na yini ɗaya, yankan gaɓoɓi saboda matsewar ɗori ya ragu sosai. Abin da ya kamata kowane mai ɗori da mai jinya ya riƙe kaɗan ne. Kada a tamke karan ɗori kan kumburi, kada a rufe karayar da ƙashi ya huda fata, kuma da zarar yatsu sun yi sanyi, ko sun canja launi, ko ciwon ya ƙi lafawa, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a ranar.