Aure da fatauci a ƙasar Hausa

Aure da fatauci batu ne da ya shafi yadda 'yan kasuwar Hausawa masu doguwar tafiya suke riƙe iyalinsu alhali neman abinci yana raba su da gida watanni, wani lokaci shekaru. Maganar ta taɓa haƙƙin ciyarwa, rabon kwana, riƙon 'ya'ya, da kuma sana'o'in da matan aure ke yi a cikin gida. Abin da aka fi rubutawa a kai shi ne zamanin fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja, a arewacin Gana ta yau.

Zamanin ayari

A ƙarni na 19 fatake kan tashi daga Kano, Katsina da Sakkwato da kanwa, tufafi, fatu da dabbobi, su nufi Salaga, babbar kasuwar Gwanja, su sayo goro. Madugu ne shugaban ayari, jagaba kuma yana gaba. Zuwa da dawowa kan ci wata shida zuwa shekara, gwargwadon damina, lafiyar jakuna da zaman lafiyar hanya. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna cewa zuriyoyin fatake na Agalawa, Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe wannan ciniki, kuma auratayya tsakanin gidajensu tana cikin abin da ya ɗaure amana da bashi a tsakaninsu. Wanda ya ba ka 'yarsa ba zai ji nauyin ba ka jari ba.

Kafin bafatake ya ɗaura kaya sai ya cika rumbu, ya bar kuɗin cefane, ya damƙa gidan a hannun mahaifinsa ko wansa. Mai mata fiye da ɗaya yakan tafi da guda, sauran su zauna, kuma littattafan fiƙihu sun ambaci ƙuri'a a matsayin hanyar zaɓen wadda za a yi tafiya da ita. Matan da suka bi ayari ba zaman banza suke yi ba. In an sauka a zango su ke ɗora tukunya, wasunsu kuma suna da 'yan kayansu da suke sayarwa da sunan kansu.

Nauyin gaske yana kan wadda aka bari. Ita ce ke auna hatsi don ya kai kaka, ita ke jinyar yara, a wasu lokuta ta haihu a yi suna mijin bai sani ba, sai dai ya dawo ya tarar da yaro yana rarrafe. Labarin miji ba ya zuwa sai ta bakin wani ayari da ya riga shi dawowa. Tarihin fatauci ya adana sunayen madugai da yawa, amma sunayen waɗannan mata kaɗan ne suka tsira, kuma wannan gibi ne babba, domin ba don su ba da ba a sami gidan da za a dawo da riba cikinsa ba.

Wasu fatake sun warware matsalar ta hanyar kafa gida na biyu a can. Haka zangunan Hausawa suka bunƙasa a Salaga, sannan bayan yaƙin basasar da ya tarwatsa garin a 1892, a Kete Krachi, Kumasi da Akara. Auren 'yan ƙasa ya samar musu da dangi da masauki, ko da yake ya kan haifar da rigimar gado tsakanin 'ya'yan gida biyu da ba su taɓa ganin juna ba.

Misalin gidan Ɗantata

An haifi Alhassan Ɗantata a Bebeji wajen 1877 cikin zuriyar Agalawa, ya rasu a Kano a 1955. Mahaifinsa Abdullahi bafatake ne, mahaifiyarsa Amarya ita ma 'yar kasuwa ce mai dukiyarta. Bayan rasuwar mijinta, wajen 1885, ta koma Akara da zama, ta bar yaran a hannun wata dattijuwa mai suna Tata, wadda daga gare ta ne aka ce sunan Ɗantata ya samo asali. Labarin yana nuna cewa ba maza kaɗai kasuwa ke ɗaukewa daga gida ba, kuma riƙo yana cikin abubuwan da suka sa irin wannan rayuwa ta yiwu.

Hukuncin shari'a

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na ƙasar Hausa ke bi, tafiya ba ta sauke wa miji ciyarwa, tufatarwa da muhalli. In ya yi nisa bai bar abin ci ba, matar tana da damar kai ƙara gaban alƙali ta nemi a raba auren. In kuwa ya ɓace babu labari, Risalar Ibn Abi Zaid, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce a yanka masa shekara huɗu daga ranar da ta kai maganar aka gama bincike, sannan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, ta yi aure in ta so. Malamai sun saɓa a kan iyakar lokacin da miji mai ciyarwa zai iya yi ba tare da ya zo wa matarsa ba.

Dukiyar mace tata ce, miji ba shi da iko da ita sai da yardarta. Masu wa'azi kan kawo auren Nana Khadija, wadda attajira ce mai aika kaya Sham, a matsayin hujja.

Kasuwar cikin gida

Kulle bai hana matan aure neman na kansu ba. Polly Hill, a bincikenta na Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta bayyana cinikin hatsi da abinci da mata ke yi daga gida zuwa gida ba tare da sun taka kasuwa ba. Enid Schildkrout ta ga irin haka a birnin Kano a shekarun 1970, inda yara masu talla su ne ƙafafun iyayensu mata. Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, ɗinkin hula da adashi su ne suka haɗa kayan ɗakin 'ya'ya mata da dama, kuma su ne ke toshe ɓaraka ranar da maigida ya yi nisa ko kasuwa ta juya masa baya. A Sabo ta Ibadan, Abner Cohen ya lura cewa maigidan da ke saukar da fataken shanu da goro ya dogara ne da matansa wajen ciyar da baƙinsa, wato girkinsu wani ɓangare ne na jarinsa.

Bayan zuwan jirgin ƙasa

Layin dogo ya iso Kano wajen 1911 zuwa 1912, goro ya koma bin teku zuwa Legas sannan jirgin ƙasa, tafiyar watanni ta zama ta kwanaki. A yau 'yan Kantin Kwari da sauran kasuwanni na zuwa Dubai da Guangzhou su dawo cikin mako biyu ko uku, wayar hannu kuma ta kawar da rashin labari. Koken ya sauya kama: maigida yana gari, amma ya fita tun asuba ba ya shigowa sai yara sun yi barci. Mata masu saye da sayarwa ta WhatsApp da Instagram sun ƙaru, kuma ana ci gaba da muhawara kan izinin miji wajen tafiye-tafiyensu na sarin kaya.