Iskar da Ido Ba Ya Gani Ce Ke Ɗumama Duniya

Jama'a, idan aka ce hayaƙi na ɗumama duniya, yawancinmu baƙin hayaƙin da ke fita daga salansar mota muke tunawa. Shi ma yana da illarsa ga huhu, amma iskar da ke tara zafin nan, wato kabon dayoksaid, ba ta da launi. Injin da ke aiki lafiya lau, ba ko ɗigon baƙin hayaƙi, yana fitar da ita kullum.

Hasken rana yana ratso sararin sama ya sauka a kan ƙasa da teku, su sha, su yi zafi. Daga nan sai su riƙa mayar da zafin sama. Taɓa bangon siminti bayan faɗuwar rana, ko ka matsa kusa da shi kawai, za ka ji hucin da yake fitarwa. Haka doron ƙasa yake yi dare da rana. Kusan kashi 99 cikin 100 na busasshiyar iska naitirojin ce da oksijin, kuma waɗannan ba ruwansu da hucin, suna barinsa ya wuce. Wasu daga cikin 'yan tsirarun da suka rage, wato kabon dayoksaid, metan da naitiros oksaid, tare da tururin ruwa, su ne suke tare shi, su mayar da wani ɓangare ƙasa. Bargo ne Allah ya lulluɓe duniya da shi. Ba don shi ba, da matsakaicin zafin duniya ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon kusan digiri 15 da muke rayuwa a ciki. Matsalar ita ce muna ta ƙara masa kauri.

Wannan ilimi ya daɗe. Tun a 1859 John Tyndall ya gwada a ɗakin bincike ya ga kabon dayoksaid na riƙe zafi, kuma a 1896 Svante Arrhenius, ɗan ƙasar Suwidin, ya lissafa cewa ƙaruwarta za ta ɗumama duniya. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowace ƙwayar iska miliyan ɗaya, kusan 280 ne kabon dayoksaid. Da Charles Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ya samu kusan 315. Yau ta haura 420. Ƙona kwal da man fetur da gas ne babban dalili, sai sare dazuzzuka da sarrafa siminti. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1, kuma 2024 ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Wani zai ce digiri 1 ai ba komai ba ne. Matsakaicin duniya ake magana, har da tekuna da ƙanƙara, kuma kan tudu ya fi teku saurin ɗumama. Duk digiri 1 da aka ƙara, iska na iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa ƙasa ke saurin bushewa, ruwa kuma idan ya tashi zuwa ya zo kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe shuka.

Gaskiya ce, manyan ƙasashe masu masana'antu su suka fi zuba wannan iska, kuma a kansu nauyin ya fi yawa. Ba zan ɗora wa ƙaramin manomi laifin da ba nasa ba. Sai dai akwai iskoki biyu da gona ke fitarwa, kuma rage su riba ce ga mai gonar kansa.

Ta farko naitiros oksaid, daga takin zamani. Duk wanda ya taɓa watsa yuriya a kan ƙasa da tsakar rana ya tafi bai rufe ba, ya san wannan warin mai hawa kai. Sinadarin amoniya ne ke tashi, kuɗinka ne ke bin iska. Takin da shuka ba ta ci ba kuma, musamman idan an zuba fiye da kima a ƙasa mai dausayi, ƙananan halittun cikin ƙasa suna juya wani sashensa zuwa naitiros oksaid. Kilo ɗaya nata ya fi kilo ɗaya na kabon dayoksaid ƙarfin riƙe zafi kusan sau 270, tana kuma wuce shekara 100 a sama. Don haka a raba takin kashi biyu ko uku gwargwadon girman shuka, a tona ɗan rami nesa kaɗan da gindinta, a zuba, a rufe. Kada a saka shi ana dab da ruwa mai ƙarfi.

Ta biyu metan. Tana fitowa daga gyatsar shanu da tumaki da awaki idan suna tuƙa, daga bola mai ruɓewa, da kuma gonar shinkafa da ruwa ya kwanta a kai. A shekara 20 na farko ƙarfinta ya kai na kabon dayoksaid kusan sau 80, amma kusan shekara 12 kawai take yi a sama, saboda haka rage ta yana saurin nuna amfani. Mai noman shinkafar ban ruwa ba sai ya bar ruwa a kwance tun dashe har girbi ba. A bar shi ya janye na 'yan kwanaki kafin a sake sakowa, ban da lokacin da shinkafar ke fitar da kai, don a nan ba ta jure ƙishi. Man injin ban ruwa ma zai ragu.

Karan da ya rage bayan girbi kuma a daina cinna masa wuta. A ba dabbobi, ko a bar shi ya rufe ƙasa ya ruɓe a wurin, ya riƙe laima har shuka ta gaba.