Cin batir a mota

Cin batir shi ne sunan da direbobi da masu gyara suke ba matsalar da mota ke kashe batir ɗaya bayan ɗaya: a sayi sabo, wata biyu ko uku ya mutu, a sake saye, shi ma ya bi sahu. Galibi batirin ba shi da laifi. Ko dai altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji yana aiki, ba ta ba shi cajin da ya dace, ko kuma wani abu yana zuƙar wuta bayan an kashe mota. A Legas riwaya ake kiran mai wannan gyara, Hausawa kuma kan ce mai wayarin.

Tarihi

Batirin dalma da asid, irin wanda ake sa wa mota, ya girmi motar da muka sani. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro shi a 1859, sannan Camille Faure ya inganta shi wajen 1881 har ya yi sauƙin ƙerawa da yawa. Motocin farko da hannu ake murɗa su kafin su tashi. Sai a 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kikistata, wato na'urar tada inji da wutar batir, aikin Charles Kettering, daga nan tashin mota ya rataya a wuyan batir. Yawancin motocin Amurka na wancan zamani bolt 6 suke amfani da shi, aka koma bolt 12 a cikin shekarun 1950 da injuna suka ƙara girma.

A da dainamo ke yin caji, kuma ba ta ba da wutar kirki in inji yana silo. Altaneta ce ta magance wannan. Akan ambaci Valiant ta kamfanin Chrysler, ƙirar 1960, a matsayin motar jama'a ta farko da ta zo da ita tun daga masana'anta. Wutar altaneta mai kai da komowa ce, sai dayod-dayod sun miƙar da ita kafin batir ya karɓa, ragileta kuma ita ke hana ta wuce iyaka. Daga waɗannan biyun cin batir kan faro sau da yawa.

Dalilai

Batirin mota ɗakuna shida ne, kowanne kimanin bolt 2.1, saboda haka cikakken batir yakan nuna 12.6 a mita. In inji yana aiki, lafiyayyar altaneta takan ba da tsakanin 13.8 da 14.5. Idan ragileta ta lalace wuta ta haura 15, ruwan batir sai ya riƙa tafasa yana ƙafewa, cikinsa ya kumbura, a ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Idan kuma cajin ya gaza, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantan dalma, batirin ya daina riƙe wuta. Sakwarkwacewar bel da tsatsar kan batir duk suna jawo haka.

Zuƙar dare ta fi wuyar ganewa. Mota a kashe bai kamata ta ja fiye da kimanin miliyam 50 ba. Ƙwan but mai wat 5 da ya ƙi mutuwa yana jan kusan am 0.4, wato miliyam 400, wanda zai tsotse batir mai am-awa 60 (ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) cikin ƙasa da mako guda. Dayod da ta ƙone ma takan bar wuta ta koma cikin altaneta da dare, alhali da rana caji yana nuna lafiya lau. Batirin mota ba a yi shi don ya riƙa ƙarewa ƙarƙaf ba. In haka ta faru sau kaɗan, ya tafi ke nan.

A Legas

Gosulo yana da nasa kaso. Direban da ya taso daga Agege zuwa Obalende ta Gadar Third Mainland da magariba, ga esi, ga fitilu, ga waifa, ga inji a silo, yana iya cin wuta fiye da wadda altaneta ke mayarwa. Zafi da damshin teku suna gaggauta tsatsa, ruwan damina kuma yakan shiga altaneta a titunan da ambaliya ta cika. Motocin tokumbo, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, sukan sha ƙarin kaya, tiraka da sifika da ƙararrawar ɓarayi, a jona su kai tsaye da batir a naɗe da salatif. Kasuwar Ladipo da ke Mushin ce babbar mahadar altanetocin hannu na biyu, kuma ba kowace ake gwadawa kafin a ɗaura ba.

Bincike

Riwaya yakan fara da auna bolt a kashe da kuma a kunne. Sannan ya cire kan batir na nagetif, ya sa mita tsakani, ya jira kamar rabin awa kwamfutocin motar su yi barci, sai ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka zare lambar ta faɗi, layinsa ne ɓarawon. In duk an zare ba ta faɗi ba, sai a kwance babbar wayar altaneta.

Har yanzu wasu na cire kan batir inji yana aiki don gwada altaneta. Masu ƙera motoci sun hana, domin yana iya ƙona ƙwaƙwalwar mota.

Matattun batura

'Yan gwangwan ke saye don dalmar ciki. Da yawa daga baturan sukan ƙare a matattarar narka dalma ta Ogijo, jihar Ogun, kusa da Ikorodu, inda aka sha kokawa kan gubar dalma a jikin ma'aikata da mazauna.