Waiwaye: Jajircewar Kiristocin Bauchi da Gombe a Kan Zubar da Jini

Bishara ta kafu a ƙasar Tangale tun 1917, lokacin da 'yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a Kaltungo da ke jihar Gombe ta yau, amma jarrabawar da ta fi tsanani ta zo ne daga baya. A watan Afrilun 1991 saɓani a kan nama a Tafawa Balewa ya rikiɗe ya zama tarzomar da ta kai har cikin garin Bauchi, kuma wutar ta sake tashi a 1995 da 2001 da 2011. Gaskiya ɗaya ce, a waɗannan rikice-rikice kowane ɓangare ya binne nasa, kuma an sami Kiristocin da suka ɗauki fansa.

Shekarar 2012 ta zo da wani salo. A watan Janairu 'yan bindiga suka buɗe wuta a kan masu addu'a a majami'ar Deeper Life da ke Gombe, a watan Yuni ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a bakin wata majami'a a unguwar Yelwa ta Bauchi, sannan a Satumba aka kai wa majami'ar St. John ta Katolika hari a Bauchi. Abin da ya biyo baya shi ne jaruntakar da ba a cika ambata ba. An jera durom cike da siminti a bakin hanya, samari suka tsaya a ƙofa suna caje kowa, mata suka daina zuwa da jaka, amma 'yan zumuntar mata ba su fasa ɗaura zanensu su buga tulu ranar Lahadi ba. Dattawan ikkilisiya da dama sun sha zargin tsoro daga bakin 'ya'yansu saboda sun hana ramuwar gayya, alhali a ganina hana matashin da ya binne ƙanwarsa ɗaukar adda ya fi fita fagen fama wuya.

Bayan kisan Deborah Samuel, ɗaliba Kirista da aka zarga da ɓatanci ga Annabi, a Sakkwato a watan Mayun 2022, wata ma'aikaciyar lafiya Kirista a Warji ta jihar Bauchi, Rhoda Jatau, ta tura wa abokan aikinta bidiyon da ke yin tir da kisan. Gari ya hargitse, aka kama ta, ta shafe wata 18 a tsare kafin a ba da belinta, sai a Disambar 2024 kotu ta wanke ta. Waɗanda suka jefe Deborah kuwa, har ranar da Rhoda ta fito babu wanda aka yanke wa hukunci a kan ran da suka ɗauka.